Ɗigon kwantum da leza mai dacewa da shi: tambayoyi da amsoshi kan hasken da ke fitowa ƙwaya ɗaya-ɗaya

Waɗannan tambayoyin su ne mutane suka fi yi idan aka tashi maganar yadda ake samun foton ɗaya tak, wato ƙwayar haske guda, daga ɗigon kwantum. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuwa dole a ɗan zauna a kansu, don abin yana da ɗan murɗe-murɗe.

Wai menene ma ɗigon kwantum ɗin tukuna?

Ɗan mitsitsin gutsuren semikondakta ne, irin kayan da ake yin cif ɗin waya da kwamfuta da shi, amma an ƙanƙantar da shi har ya koma 'yan nanomita kawai. Nanomita ɗaya shi ne ka raba mita gida biliyan ka ɗauki ɗaya. To idan ka kulle elektiron a wuri mai matsi haka, ba ya iya ɗaukar duk ƙarfin da ya ga dama, sai wasu matakai ƙididdigaggu kamar matattakalar bene, ko yana wannan ko yana wancan, babu tsayawa a tsakani. Haka atom yake yi, shi ya sa ake wa ɗigon laƙabi da atom na roba duk da cewa shi kansa atom dubbai ne a cikinsa.

Irin wanda ake wannan aikin da shi yawanci InAs ne (haɗin indiyam da asinik) a binne cikin GaAs (haɗin galiyam da asinik), dukansu semikondakta ne. Yadda ake yinsa ma abin sha'awa ne, ana feshin InAs ɗin siriri a kan GaAs cikin injin da aka zuƙe wa iska, da yake tazarar atom ɗinsu ta bambanta da kusan kashi 7 cikin ɗari sai shimfiɗar ta takura ta dunƙule da kanta ta zama 'yan tsibirai, faɗinsu wajen nanomita 20 tsayinsu 'yan nanomita kaɗan, sai a rufe su da wani GaAs ɗin. Ba wanda ya sassaƙa su, su suka haɗa kansu. Wannan ne daɗin abin, kuma wannan ne ciwon kan, za mu zo wurin.

Shi ne irin na cikin talabijin ɗin QLED?

Dangi ne amma ba shi ba ne. Na talabijin a ruwan sinadari ake haɗa su, aikinsu kawai su ba da launi mai kyau, biliyoyinsu ne ke haske tare. Waɗannan su ne suka jawo kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023 ga Alexei Ekimov da Louis Brus da Moungi Bawendi. Namu na nan kuwa ɗigo ɗaya ake nema, a ware shi, a daskarar da shi, a rinƙa tatsar foton daga jikinsa.

Ai duk haske foton ne, to me ya sa ake cewa wani hasken kwantum ne? Ba sai a rage leza kawai har ta koma foton ɗaya ba?

Wannan tambayar ita ce ta fi kowacce yawa kuma mai yinta yana da gaskiyarsa. Matsalar ita ce leza ba ta da lissafi wajen rabon foton, kowane bugu, wato ɗan walƙiyar hasken da take saki lokaci guda, abin da ya zo shi ne ya zo. Ka rage ta har matsakaicin abin da ke cikin kowane bugu ya zama 0.1, za ka ga kusan kashi 90 cikin ɗari na bugun fanko ne ba komai, wajen kashi 9 na da foton ɗaya, sannan wajen rabin kashi ɗaya na ɗauke da biyu ko fiye. Ka ce bari in ƙara mata ƙarfi don fankon ya ragu, ka kai matsakaici zuwa 1, to masu foton ɗaya ba za su wuce kashi 37 ba, masu biyu ko fiye kuma sun haura kashi 26. Duk yadda ka murɗa ba za ka tsere wa wannan ba, haka lissafin yake.

Hasken kwantum da ake nufi a nan shi ne wanda ka danna, foton ɗaya ya fito, ka sake dannawa wani ɗaya ya fito, babu biyu a tare. An fara ganin haske mai irin wannan halin a 1977 a Jami'ar Rochester ta Amurka, inda Kimble da Dagenais da Mandel suka haska atom ɗin sodiyam da leza. Daga ɗigon kwantum kuwa sai shekarar 2000, a Santa Barbara, aikin Peter Michler da abokan aikinsa.

Ta yaya ɗigon yake iya ba da ɗaya kacal?

Idan haske ya ɗaga elektiron zuwa mataki na sama, yana barin gurbi a ƙasa, elektiron ɗin da gurbin suna riƙe da juna, ana kiransu eksiton. Bayan kamar nanosakan ɗaya sai elektiron ya faɗo cikin gurbinsa, ƙarfin ya fita a matsayin foton guda. Kafin ya faɗo ba za ka iya sake cusa wani a daidai wannan matakin ba, wurin mutum ɗaya ne. Ko da an samu na biyu ya shiga ɗigon, launin haskensa ya ɗan bambanta, ana iya tace shi. Shikenan sirrin.

To me ake nufi da leza mai dacewa, kuma da can da me ake kunna ɗigon?

Da can hanya mai sauƙi ake bi, a ɗauko leza mai ƙarfin da ya zarce na ɗigon nesa ba kusa ba, a haska duk GaAs ɗin da ke kewaye, elektiron su tashi ko'ina, wasu su gangaro su faɗa cikin ɗigon. Yana aiki, kuma raba hasken leza da na ɗigo ba wuya tunda launinsu daban. Amma fa akwai ɓarna biyu. Ta farko ba ka san lokacin da elektiron zai iso ƙasan ɗigon ba, wani ya yi sauri wani ya yi jinkiri, sai lokacin fitar foton ya rinƙa rawa. Ta biyu, sauran elektiron ɗin da suka watsu a gefe suna maƙalewa nan da can, cajinsu yana ja yana tura matakan ɗigon, sai launin foton ɗin yanzu ya bambanta kaɗan da na wanda zai biyo shi. Foton ɗaya-ɗaya ne dai, amma ba iri ɗaya ba.

Leza mai dacewa kuwa, wadda masana ke kira rezonans, ita ce a saita launin lezar daidai wa daida da tazarar matakan ɗigon, ba ƙari ba ragi. Kamar mai tura lilo ne da ya san lokacin da zai tura, ɗan taɓi kaɗan ya isa. Ɗigon kawai ke amsawa, maƙwabtansa ba su ma san ana yi ba, ba elektiron da ke yawo a gefe, ba jiran gangarowa. Bambancin a fili yake a alƙaluma, a 2002 ƙungiyar Yamamoto a Stanford ta samu kamannin foton da bai wuce kusan kashi 80 ba da lezar da ta ɗan zarce matakin, a 2013 kuma ƙungiyar Jian-Wei Pan da Chao-Yang Lu a Hefei ta ƙasar Sin ta kai wajen kashi 97 da bugun leza mai dacewa. Ni a ganina nan ne fagen ya juya gaba ɗaya.

Ana yawan cewa bugun fai, menene shi?

Fai ɗin nan na lissafi ne, π. Idan ka haska ɗigo da leza mai dacewa ba wai ya hau sama ya zauna ba ne, lilo yake yi tsakanin ƙasa da sama, ana kiran wannan lilon Rabi, daga sunan Isidor Rabi. Abin mamakin shi ne idan ka rinƙa ƙara ƙarfin bugun a hankali, hasken da ɗigon ke bayarwa zai ƙaru ya kai ƙololuwa, sai kuma ya fara raguwa duk da kana ƙara wuta, don bugun ya kai shi sama ya kuma sauko da shi kafin ya samu damar sakin foton. Bugun da ya tsaya daidai lokacin da ɗigon ke can sama shi ne bugun fai. Yawanci 'yan fikosakan ne tsawonsa, fikosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na nanosakan, kuma lezar da aka saba amfani da ita tana maimaita bugun kamar sau miliyan 76 zuwa 80 a sakan ɗaya.

Tsaya, idan leza da foton ɗin launinsu ɗaya, ta yaya za a bambance su?

Yauwa, ka zo inda gizo ke saƙar. Wannan ne ya sa aka daɗe ba a iya yi ba, don bugun leza ɗaya yana ɗauke da tarin foton masu yawan gaske, kai kuma guda ɗaya kake nema a cikinsu mai launi iri ɗaya sak, matatar launi ba za ta yi maka komai ba. Sai a 2007 ƙungiyar Chih-Kang Shih a Jami'ar Texas da ke Austin ta yi dabarar shigo da leza ta gefe, tana tafiya a kwance cikin cif ɗin, su kuma suna ɗibar hasken ɗigon ta sama. Hanya daban-daban, sai suka rabu.

Dabarar da ta fi yaɗuwa daga baya ita ce ta folarizeshan, wato ɓangaren da haske ke kaɗawa, a tsaye ko a kwance. Sai a tura leza tana kaɗawa a tsaye, a sa matata a hanyar dawowa wadda ba ta barin komai ya wuce sai mai kaɗawa a kwance, lezar da ta dawo ta mutu a nan, ana iya danne ta sau miliyan ko fiye idan an saita da kyau, kuma saitin nan aiki ne na haƙuri don ɗan motsin zafin ɗaki ma yana iya ɓata shi. Amma kuɗin da ake biya ba kaɗan ba ne, rabin foton ɗin ɗigon su ma a tsaye suke fitowa, matatar ta haɗa da su ta kashe. Kashi 50 sun tafi tun kafin a fara lissafin sauran asara.

Mutane ba su haƙura ba. A 2019 'yan Hefei ɗin suka yi kogon haske, wato ɗan wurin da ake tsare haske tsakanin madubai, mai siffar ƙwai maimakon zagayayye, wanda ke tilasta wa ɗigon ya fi sakin foton ta ɓangare ɗaya, sai asarar rabin nan ta ragu sosai. Ƙungiyar Peter Lodahl a Kofanhegan kuma ta bi ta cikin siririn hanyar haske da aka huda a jikin cif ɗin, leza ta shigo ta wata hanya foton ya fita ta wata. Akwai kuma masu ɗan gocewa da gangan, su sa lezar ta ɗan zarce matakin kaɗan, rawar atom ɗin cif ɗin ta kwashe rarar, sai launin ya ɗan bambanta a iya tacewa. Wannan ba cikakkiyar dacewa ba ce amma tana da sauƙin sha'ani kuma ba ta cika damuwa da ɗan canjin ƙarfin leza ba.

Ta yaya aka san da gaske ɗaya ne ya fito, kuma iri ɗaya ne?

Gwaji biyu ake yi. Na farko ya samo asali daga Hanbury Brown da Twiss a 1956, su ma taurari suke aunawa. Madubi ne mai raba haske gida biyu, da na'urar gano foton a kowane ɓangare. Foton ɗaya ba ya tsagewa, ko ya bi dama ko ya bi hagu, don haka idan na'urorin biyu suka yi ƙara lokaci guda to an samu biyu kenan. Ana auna wannan da wata lamba, ta leza 1 ce, ta cikakken foton ɗaya kuma 0.

Na biyu shi ne na Hong da Ou da Mandel na 1987, kuma wallahi duk sanda na tuna shi sai ya ban mamaki. Ka turo foton biyu su haɗu a madubin nan, ɗaya ta kowace ƙofa, idan iri ɗaya ne sak ta launi da lokaci da komai to ba sa taɓa rabuwa, tare suke fita ta ƙofa ɗaya. Idan an ga sun rabu, akwai abin da ya bambanta su. A 2016 ƙungiyar Pascale Senellart a Faransa ta ba da rahoton kamanni sama da kashi 99, 'yan Hefei kuma a shekarar suka samu sama da kashi 98.

Leza mai dacewa tana kawar da foton biyu kwata-kwata?

A'a. Wani lokaci ɗigon yana sakin foton tun bugun bai ƙare ba, sauran bugun ya sake ɗaga shi, ya ba da na biyu. Gajarta bugun na rage wannan amma ba ya kashe shi.

Idan aka bar lezar a kunne ba bugu-bugu ba fa?

Nan kimiyyar ta fi daɗi ma ga masu son ta don kanta. Idan lezar tana da ƙarfi, launin hasken da ɗigon ke fitarwa sai ya rabu gida uku, babban layi a tsakiya da ƙanana biyu a gefe da gefe, kuma tazararsu na ƙaruwa idan ka ƙara wuta. Benjamin Mollow ne ya yi hasashen haka a 1969 don atom, shi ya sa ake ce musu 'yan ukun Mollow, kuma a 2009 aka nuna su ƙarara a ɗigon kwantum a Austin da kuma Kambirij wajen ƙungiyar Mete Atatüre. Wannan ne ya tabbatar cewa laƙabin atom na roba ba cika baki ba ne.

Idan kuma lezar mai rauni ce sosai, ɗigon kusan ba ya hawa sama, hasken yake watsawa kawai, foton ɗin su gaji tsabtar launin lezar har layinsu ya fi na ɗigon kansa siranta, amma duk da haka ɗaya-ɗaya suke zuwa. A 2015 'yan Kambirij ɗin suka auna abin da ake kira matsattsen haske, wato hasken da aka danne hayaniyarsa ta kwantum ta wani ɓangare, a wannan yanayin, wanda aka yi hasashensa tun farkon shekarun 1980 aka kasa gani a atom.

Me ya sa kullum sai an sa shi cikin sanyi mai tsanani?

Saboda ɗigon a cikin daskararren abu yake, atom ɗin da ke kewaye da shi kuma rawa suke yi matuƙar akwai zafi, rawar tana girgiza matakan. Ana kai shi wajen digiri 269 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, wato kelbin 4, sanyin ruwan hiliyam. Ko a nan ma wasu 'yan kashi na foton ɗin suna fitowa da ɗan gurɓataccen launi saboda rawar. Hayaniyar caji kuwa ana maganinta da dasa ɗigon a cikin dayod, wata 'yar na'urar lantarki ta semikondakta, a ɗora masa 'yar wutar lantarki da za ta riƙe cajin wuri ɗaya, kuma da wannan wutar ake ɗan murɗa launinsa ya zo daidai inda ake so.

Foton nawa ne ke isa inda ake so a zahiri?

Idan ka bar ɗigo haka kawai cikin GaAs abin takaici ne, kashi 1 zuwa 2 ne kawai ke fitowa ta sama, saura duk suna komawa ciki saboda yadda GaAs ke lanƙwasa haske. Shi ya sa ake gina masa kogo tsakanin madubai biyu. Kogon yana aiki biyu, yana tattara hasken ya nufi hanya ɗaya, yana kuma sa ɗigon ya saki foton da sauri, abin da Edward Purcell ya bayyana tun 1946, daga nanosakan ɗaya ya sauko zuwa fikosakan 100 ko ƙasa da haka, saurin nan kuma yana rage lokacin da hayaniya za ta samu ta ɓata shi. A 2021 ƙungiyar Richard Warburton a Basel ta ƙasar Suwizalan, da ɗigon da aka yi a Bochum ta Jamus, ta samu kashi 57 na bugun suna ƙarewa da foton a ƙarshen wayar faiba. A 2025 'yan Hefei suka wallafa sakamakon da ya haura kashi 70. Kar ka raina wannan, don in kana buƙatar foton 20 su zo tare, kashi 50 kowanne na nufin sau ɗaya cikin kusan miliyan, kashi 70 kuwa sau ɗaya cikin dubu da 'yan kai.

Ana iya samun foton biyu masu sarƙe da juna daga ɗigon?

Ana iya, kuma hanyar tana da kyau. Ɗigon yana iya ɗaukar eksiton biyu, su sauko ɗaya bayan ɗaya, foton biyu su fito folarizeshan ɗinsu a ɗaure da juna, ka auna ɗaya ka san na ɗayan komai nisansu. An kawo shawarar a 2000, aka nuna a 2006 a ɗakin binciken Toshiba na Kambirij da kuma Technion a Haifa. Dabarar kunnawar ita ce a saita lezar a rabin jimillar ƙarfin, ɗigon ya haɗiye foton biyu na leza lokaci guda, kuma da yake launin lezar ya faɗa tsakanin launukan foton biyun, tacewa ta zo da sauƙi. Da wannan hanyar aka samu lambar nan ta gwajin Hanbury Brown da Twiss ƙasa da 1 cikin 10,000 a Stockholm a 2018. Sai dai saukowar bi da bi ɗin tana rage kamannin foton ɗin, kuma in ɗigon bai zagaye da kyau ba sarƙewar tana rawa, shi ya sa masu wannan aikin suka fi son ɗigon GaAs da ake yi ta hanyar haƙa ɗan rami a cike shi, sun fi fitowa daidai.

To duk wannan wahalar don me?

Na farko aika mabuɗin sirri. A tsarin BB84 da Bennett da Brassard suka kawo a 1984, idan bugu ya zo da foton biyu mai leƙen asiri zai iya sace ɗaya ya bar ɗaya ya wuce ba a gane ba. Gaskiya dai a nan leza mai rauni tana da nata dabarun kariya kuma ta fi arha, don haka ɗigon bai kore ta ba tukuna. Inda ba makawa sai shi, ko wani abu mai kama da shi, shi ne kwamfutar kwantum mai aiki da haske, wadda Knill da Laflamme da Milburn suka nuna a 2001 cewa za ta yiwu da madubai da na'urorin ganowa kawai, muddin foton ɗin iri ɗaya ne. A 2019 an tura foton 20 daga ɗigo ɗaya cikin wata na'ura mai hanyoyi 60 a Hefei. Yanzu har kamfanoni na sayar da irin waɗannan na'urorin, akwai Quandela a Faransa da aka kafa a 2017, akwai Sparrow Quantum a Denmak.

Me ya rage ba a warware ba?

Ka tuna na ce su suke haɗa kansu? To babu ɗigo biyu da suke fitowa iri ɗaya, kowanne da girmansa da launinsa da inda ya ga dama ya tsiro, sai an bi an nemo mai kyau a gina kogo a kansa. Foton biyu daga ɗigo ɗaya suna kama da juna sosai, daga ɗigo biyu daban kuwa aiki ne ja, ko da yake a 2022 'yan Basel sun kai kashi 93 da ɗigon GaAs biyu a firji daban-daban. Sai kuma maganar launi, mafi kyawun ɗigon InAs suna haske ne wajen nanomita 900 zuwa 950, wayar faiba ta sadarwa kuma ta fi son 1550 inda asara ta fi ƙanƙanta, don haka ko dai a canza launin foton ɗin bayan ya fito a yi asarar wasu a hanya, ko a ƙera ɗigon a kan InP, wani semikondaktan daban, ya ba da 1550 kai tsaye, waɗannan kuma har yanzu suna bin bayan na 900 ɗin wajen kamanni.